Daga Maraɗi Zuwa Jidda: Yadda Za Ka Lissafa Nisa Da Awannin Tafiyarka

Tsakanin Maraɗi da Jidda, in aka ja zare a miƙe bisa taswira, kimanin kilomita 3,500 ne. Babban jirgin sama yana cinye wannan nisa cikin awa 5, ko ma ƙasa da haka kaɗan. Amma mutumin da ya fito daga gidansa a unguwar Bagalam ko Ali Ɗan Sofo cikin Maraɗi da niyyar umara, sai ya kusa kwana biyu kafin ya ajiye jakarsa a masauki a Makka. Duka maganganun nan gaskiya ne. Matsalar ita ce mutane suna riƙe ta farko su mance da ta biyu, sai a shirya wa tsohuwa guzurin wuni ɗaya a tafiyar da za ta kwana biyu a hanya.

Ina da ɗan shagon buga takardu da kwafi a gefen babbar kasuwa. Da yake akwai kwamfuta da intanet, masu zuwa umara da ƴan kasuwa kan kawo mini tikitin da ajans ta ba su in karanta musu, kuma tambayar kusan kullum ɗaya ce: awa nawa za mu yi? Ga yadda nake lissafawa. Ba ya bukatar komai sai waya, biro da bayan takarda. Maganar ta fi shafar mai umara da mai tafiyar kasuwa, domin shi mahajjaci ba shi ke zaɓen jirginsa ba, COHO, hukumar aikin hajji ta Nijar, da ajans ɗinsa ne ke tsara masa rana da filin da zai tashi. Duk da haka lissafin agogo da ke ƙasa zai amfane shi.

Fara da nisan sama

Nisa iri biyu ne, na hanya da na sama, kuma kada ka haɗa su. Misali mafi kusa shi ne Yamai. Maraɗi da Yamai kusan a layi ɗaya suke, gabas da yamma, kuma tsakaninsu a miƙe kilomita 540 ne. Sai dai wannan layin ya ratsa ta cikin ƙasar Sakkwato. Kwaltar tamu kuwa dole ta zauna cikin Nijar, shi ya sa take hawa arewa ta Gidan Runji zuwa Madawa, ta bi Galmi da Ƙonni, sannan ta gangaro Dogon Dutsi da Doso. Wannan lanƙwasa ce ta mai da tafiyar kilomita 660 ko kusa da haka. In ka ɗauki lambar hanya ka yi lissafin jirgi da ita, ka ƙara wa kanka fiye da kilomita 100 na banza.

Don ka samo nisan sama, buɗe Google Maps a wayarka, ka danna kan garin farko ka riƙe yatsa har jar alama ta fito. A cikin bayanin da zai taso daga ƙasa akwai wurin auna nisa. Ka taɓa shi, ka ja taswirar har alamar ta zauna kan gari na biyu, lambar za ta fito. Wata hanyar ita ce ka shiga shafin intanet mai auna nisan filayen jirgi, ka rubuta haruffa ukun da ake yi wa kowane filin jirgi laƙabi da su, waɗanda ke jikin tikitinka: NIM na filin Diori Hamani a Yamai, KAN na filin Malam Aminu Kano, JED na filin Sarki Abdul'aziz a Jidda, MED na Madina, ADD na Adis Ababa, MFQ namu na Maraɗi. Ka dai duba abin da ke bayan lambar. Shafuka da yawa da mil suke awo, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Akwai kuma mil na matuƙa jirgi, shi kilomita 1.852 ne. Wanda ya ga 2,100 tsakanin Kano da Jidda ya ɗauka kilomita ne, zai yi zaton tafiyar awa 3 ce.

Ga waɗanda na fi amfani da su, na daidaita su don sauƙin riƙewa. Kano zuwa Jidda kilomita 3,400. Yamai zuwa Jidda 4,000. Yamai zuwa Adis Ababa 4,000, daga can zuwa Jidda 1,400. Yamai zuwa Istanbul shi ma 4,000, daga can zuwa Jidda 2,400. Kano zuwa Alƙahira 3,100, daga can zuwa Jidda 1,200. Kano zuwa Madina ya ɗara na Jidda da kimanin kilomita 150 kawai.

Mai da nisa ya koma awa

Manyan jirage masu injin jet suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa in sun kai sama sun daidaita. Ni da 800 nake rabawa, sannan in ƙara rabin awa. Dalilin ƙarin shi ne jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa, kamar yadda babbar motar da ta sha lodin albasa ba ta barin Galmi da giyar ƙarshe. Sai ya ja jiki a kan titi ya jira izini, ya ɗauki wajen minti 20 yana hawa, in ya kusa sauka ya rage gudu ya zagayo ya daidaita da titin.

Gwada da Kano zuwa Jidda. Raba 3,400 gida 800, ka samu 4 da kwata. Ƙara rabin awa, ya zama awa 4 da minti 45. Yamai zuwa Jidda kai tsaye, 4,000 gida 800 ya ba da 5, da ƙarin ya zama awa 5 da rabi. In ta Adis ne, awa 5 da rabi ne zuwa can, sai awa 2 da kwata zuwa Jidda, jimilla awa 7 da minti 45 a sama. Ta Istanbul kuwa awa 9 ne, domin jirgin ya kai ka arewa sosai kafin ya dawo da kai kudu. Ta Alƙahira daga Kano awa 6 da ƴan mintuna.

Ƙananan jirage masu farfela, irin waɗanda aka saba gani a zirga-zirgar cikin gida tsakanin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Agadas, gudunsu bai kai haka ba. Su da 450 za ka raba, ka ƙara kwata. Kilomita 540 na Yamai sai ya ba ka kusan awa ɗaya da rabi.

Wannan lissafin ba zai faɗa maka minti daidai ba, kuma ba amfaninsa ke nan ba. Amfaninsa shi ne ka kama tikitin da ke ɓoye wani abu. In lissafinka ya ce awa 5 da rabi, takarda kuma ta nuna awa 8 a jirgi ɗaya mai lamba ɗaya, to jirgin zai sauka a wani gari ya ɗebi fasinja ko ya sha mai, kuna zaune a ciki. Ana yawan yin haka a yankinmu, jirgi ɗaya ya haɗa Yamai da Wagadugu ko wani birni makwabci. Ka tambayi ajans ɗinka kai tsaye: a ina zai tsaya, kuma za mu fita ko za mu zauna?

Abu biyu kuma suna iya ƙara lokaci ba tare da an sauka ko'ina ba. Na farko iska, wadda kan tura jirgi ta baya ko ta tare shi ta gaba, shi ya sa zuwa da dawowa kan bambanta da minti 20 ko 30. Na biyu rufe sararin samaniya. Miƙaƙƙiyar hanya daga nan zuwa Jidda tana bi ta arewacin Tafkin Chadi, ta ratsa Sudan, ta tsallake Kogin Nilu sannan Bahar Maliya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da yawa suka koma zagayawa, kuma zagaye yana cin lokaci. Saboda haka in ka ga tikitin Kano zuwa Jidda ya haura lissafinka da kusan awa ɗaya, ba lallai akwai tsayawa a ciki ba. Hanyar nan ta Chadi da Sudan dai ita ce kakanninmu suka bi a ƙafa da bisa jakuna har zuwa tashar jirgin ruwa ta Sawakin a bakin Bahar Maliya, wasu su shekara da shekaru suna noma a hanya don neman guzuri, wasu ma ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu na cikin wuraren da zuriyarsu ke zaune har yau.

Agogo, inda aka fi yin asara

Duk lokacin da ka gani a tikiti, agogon garin da aka rubuta a gefensa ne. Lokacin tashi agogon garin tashi, lokacin sauka agogon garin sauka. Nijar da Najeriya agogonsu ɗaya. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, haka Habasha, haka Turkiyya. Dubai awa 3, Chaina awa 7. Masar awa ɗaya ce, amma tun 2023 sun dawo da tura agogo gaba lokacin zafi, sai ta zama awa 2 daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba.

A ce takarda ta nuna tashi daga Kano 14:00, sauka Jidda 20:45. Mai kallo zai ƙirga awa 6 da minti 45. Cire awa 2 na bambancin agogo, ka koma kan awa 4 da minti 45 ɗinka. A dawowa sai abin ya juye: tashi daga Jidda 10:00, sauka Kano 12:45. Na sha jin ana cewa dawowa ta fi sauri wai don jirgi gangara yake yi. Babu wata gangara, awa 2 ne za ka ƙara, tafiyar tana nan yadda take.

Dabarar da nake koya wa kowa ita ce ya ɗauki biro ya mai da duk lokutan da ke cikin tikitin zuwa agogon Maraɗi, ya rubuta a gefe. Duk inda ka ga Adis, Jidda, Madina ko Istanbul, cire 2. Daga nan sai ka yi ƙidayarka da agogo ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Wannan takardar ita za ka bar wa iyali, domin su san sa'ad da za su fara jiran waya, kada a kwana ana zullumi a banza. Ka lura kuma da ƙaramar alamar +1 da ake sawa kusa da lokacin sauka. Tana nufin saukar ta faɗa cikin washegari.

Mafi hatsari a cikin duka shi ne jirgin tsakar dare. Wani dattijo ya zo shagona da ɗansa, ya zaro tikiti daga cikin ledar da ya naɗe fasfo da katin rigakafi, ya shimfiɗa a kan injin kwafi yana danne gefen da ya lanƙwashe da babban yatsa.

"Malam, an ce Talata za mu tashi. Yaron nan ya ce mu bar nan Litinin da asuba, mu kwana Yamai, Talata da dare mu je filin jirgi."

Na duba. An rubuta Talata, ƙarfe 01:40.

"Baba, Talatar ce a takarda, amma ranar Litinin bayan isha'i ya kamata ku kasance a filin jirgi. Ƙarfe ɗaya da minti arba'in ne na dare, kafin asubar Talata."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To ashe daren Talata ke nan."

"Shi ne, Baba."

Dattijon ya riga ɗansa ganewa, domin shi a ƙidayarsa dare ke zuwa kafin wuni, kamar yadda daren Juma'a yake farawa da magaribar Alhamis. Ɗan, da ya yi lakwal, shi ya ɗauka daren da zai biyo bayan wunin Talata ake nufi. Da sun bi shirinsa, da sun iso filin jirgi bayan jirgin ya tashi da kusan awa 20. Saboda haka duk lokacin da ya fara da 00, 01, 02 ko 03, ka koma baya da kwana ɗaya a shirinka. A ƙarshe Lahadi suka bar Maraɗi.

Wayarka za ta canja agogo da kanta da zarar ta kama layi a garin da ka sauka, amma muddin tana kulle a yanayin jirgi tana nan kan agogon gida. A filin jirgi ka dogara da allon da ke rataye. A Adis ma akwai ƙarin dalili: mutanen Habasha suna da tasu ƙidayar da ke farawa daga fitowar rana, abin da muke ce wa ƙarfe 7 na safe su ƙarfe 1 ne a wurinsu. Allon filin jirgi da tikiti ba sa bin wannan, amma mai shara ko mai sayar da shayi da ka tambaya yana iya ba ka nasu. Mai shan maganin suga ko na hawan jini kuwa, ina ba shi shawara ya bar agogon hannunsa a kan lokacin Maraɗi har ya isa masauki, ya ci gaba da shan maganinsa da shi.

Yada zango

Tsakanin saukar jirgi na farko da tashin na biyu, ƙidayar ba ta da wuya, domin duka lokutan biyu agogon gari ɗaya ne. Abin dubawa shi ne tsawonsa. Ƙasa da awa 2 ba na so wa kowa, balle tsoho ko wanda bai taɓa shiga babban filin jirgi ba. Za a sake bincike, ƙofar shiga jirgi na biyu tana iya zama tafiyar minti 20 a ƙafa, kuma ana rufe ta kafin lokacin da aka rubuta. Awa 3 zuwa 4 shi ne daidai, mutum ya yi alwala ya yi salla ya ci wani abu. In ya haura awa 8, tambayi ajans tun a nan ko kamfanin jirgin yana ba da masauki, kada ka bari sai ka isa.

Ka tabbatar kuma jiragen biyu a tikiti ɗaya suke, da lambar rajista ɗaya. In haka ne, jirgin farko ya yi latti, kamfanin ne zai nema maka wani, kuma kayanka za su wuce kai tsaye. In tikiti biyu ne aka saya daban-daban don arha, lattin na farko naka ne kai kaɗai.

Hanyar ƙasa, da ƙidaya ta baya

Nan ne lokaci yake tafiya. Bas ɗin Yamai, ko Rimbo ne ko STM ko wani, da asuba suke tashi, kuma ka ware awa 10 zuwa 12. Lissafin bai da wuya: kilomita 660 a gudun 70 ya kusa awa 9 da rabi, sai ka ƙara tsayawar salla da cin abinci, sauke fasinja a Madawa da Ƙonni da Doso, da shingayen jandarmomi inda kowa zai fito da katinsa. Da damina, in ruwa ya ci wani wuri, ƙara abin da ya sawwaƙa.

Abin da ke ba ni haushi game da wannan hanyar shi ne alƙiblarta. Jidda tana gabas, kai kuma ka wuni kana tafiya yamma. In jirginka na Adis ne, duba taswira: miƙaƙƙen layin Yamai zuwa Adis ya bi ta kudu da Maraɗi kaɗan, wajejen Ɗan Isa. Ke nan bayan kamar minti 50 da tashi ka dawo saman inda ka baro jiya da asuba. Babu yadda za a yi, can babban filin jirgin yake. In an dace akwai jirgin cikin gida a makon, kuma aljihu zai ɗauka, yana rage wa tsoho wahala sosai. Amma kada ka ɗora shi a rana ɗaya da babban jirginka, domin ba kullum yake tashi ba, kuma in an ɗage shi ba ka da sauran lokacin kama bas.

Ta Kano kuwa kimanin kilomita 270 ne: Ɗan Isa, iyaka, Jibiya, Katsina, sannan Kano. A takarda awa 4 ne. A zahiri ka ware 6, saboda duwan da ƴan shige da fice na ɓangarorin biyu, canjin mota, da shingayen da ke kan hanya. Da rana ake bin ta, domin yankin Jibiya ya sha fama da ƴan bindiga. Ita iyakar kanta ba abin da za a yi wa alkawari ba ce, mun ga yadda aka rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Kafin ka biya kuɗin tikitin da zai tashi daga Kano, ka ji halin da take ciki daga bakin direbobin da suka bi ta a makon. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ba na sa shi a lissafi sai ranar da na ga ana sayar da tikitinsa. Tsakanin Disamba da Fabrairu kuma akwai hazo, wanda kan hana jirage sauka da tashi a Kano wani lokaci.

Yanzu sai a haɗa. Ana farawa ne daga lokacin tashin jirgi a komo baya. Bari in zana misali, duka da agogon Maraɗi. A ce jirginka zai tashi daga Yamai ranar Alhamis ƙarfe 1 na rana. Jirgin da zai fita ƙasar waje ana zuwa masa awa 3 kafin lokaci, ke nan ƙarfe 10 na safe kana filin jirgi. Babu bas ɗin asubar Alhamis da zai kai ka a wannan lokacin, don haka Laraba ƙarfe 5 na asuba ka bar Maraɗi, ka kwana Yamai. Sai a yi gaba. Jirgi ya sauka Adis 6:30 na yamma. Zangon awa 4 ya kai ka 10:30 na dare. Awa 2 da kwata zuwa Jidda, ƙarfe 12:45 na dare. Ba wa layin shige da fice da jiran kaya awa 2, ƙarfe 2:45. Daga filin jirgin zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, a ce awa ɗaya da rabi, ƙarfe 4:15 na asubar Juma'a, wato 6:15 a agogon Makka. Daga asubar Laraba zuwa nan awa 47 ke nan, kuma waɗanda aka yi a sama ba su kai 8 ba.

Yi irinsa ta Kano da jirgi kai tsaye mai tashi Alhamis ƙarfe 2 na rana. Mai ƙarfin hali zai ce ya bar Maraɗi da asubar ranar. Ni ba zan sa hannu ba, domin shinge ɗaya ya riƙe ku awa biyu, kuɗin tikiti ya tafi. Ka tashi Laraba ƙarfe 7 na safe, ka kwana Kano. Jirgi ya sauka Jidda 6:45 na yamma a agogonmu, ka isa masauki wajen 10:15 na dare. Awa 39 ke nan. Bambancinsa da na Yamai awa 8 ne, bai kai yadda ake zuzutawa a majalisa ba, tunda ko ta ina sai ka kwana a hanya. Inda Kano ta yi zarra shi ne a jiki: awa 6 a mota ba ɗaya yake da 11 ba, kuma babu zaman zango. Inda Yamai ta fi kuwa, ba ka tsallaka iyakar kowa kafin ka hau jirgi. Matashi mai takardu cikakku da ya san hanya, Kano nake nuna masa in akwai jirgi kai tsaye. Tsohuwa mai tafiya cikin ayari, in bar ta da ayarinta ta Yamai, sai dai in ce su tashi Talata maimakon Laraba, ta samu wuni guda ta miƙe ƙafa kafin ta shiga wani zaman.

Wanda zai fara da Madina, in jirginsa can zai sauka ya huta. In a Jidda ne, ya ƙara tafiyar fiye da kilomita 400, wajen awa 5 a bas. Jirgin ƙasa mai sauri na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana da tasha a cikin filin jirgin Jidda, kuma yana haɗa Makka da Madina cikin kimanin awa 2 da rabi.

Salla da harami ma suna cikin lissafin, tunda mai tafiya gabas rana tana yi masa saurin faɗuwa. Wanda ya tashi Kano ƙarfe 2 na rana, kafin agogon hannunsa ya kai 6 duhu ya shiga a tagar jirgi. Lokacin la'asar yana matsewa ƙwarai, don haka ka tambayi malaminka tun a gida yadda za ka haɗa salloli, ka kuma shiga jirgi da alwala. Mai umarar azumi zai ga wunin zuwa gajere, na dawowa dogo, kuma malamai suna cewa da faɗuwar ranar da kake gani a inda kake ake shan ruwa, ba da agogon garin da ka baro ba. Wanda zai wuce Makka kai tsaye daga Jidda, jirgi yana ƙetare miƙati kafin ya sauka. Wasu jiragen suna sanarwa, amma ɗaura harami a ɗan makewayin jirgi, ga layin mutane a ƙofa, ba ƙaramin aiki ba ne. Ka ɗaura tun a filin da ka hau jirgin ƙarshe, niyya kawai ta rage. Kada kuma haramin ya shiga babbar jakar da aka auna, domin ba za ka sake ganinta ba sai Jidda.

A dawowa ka sake yin lissafin daga farko, kada ka juya na zuwa kawai. Motar ajans takan ɗebi mutane daga masauki awanni da yawa kafin tashi, awon kaya ya fi daɗewa saboda tsaraba da ruwan zamzam, kuma in jirgi ya sauke ka Yamai da rana, bas ɗin asuba ya riga ya tafi, sai na washegari. Lokacin da za ka ba mutanen gida shi ne na isowar bas tasha a Maraɗi. In ka ba su na saukar jirgi, za a dafa abincin tarba kwana ɗaya kafin ka iso.